Sergei Winogradsky, masanin da ya gano halittun da ke rayuwa ba tare da rana ba

An haifi Sergei Winogradsky a birnin Kiev a 1856. Kiɗan fiyano ya fara koyo a Saint Petersburg, daga baya ya koma karatun kimiyya.

A 1887, a Strasbourg, ya nuna cewa bakteriyar Beggiatoa tana samun ƙarfinta daga iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cikin ruwan wasu maɓuɓɓugai, tana kuma tara farar wuta a jikinta. Wato akwai halittun da sinadarai ke ciyar da su.

Juyin juya halin Rasha na 1917 ya raba shi da gonarsa. Cibiyar Pasteur ta karɓe shi a 1922, ya ci gaba da bincike a Brie-Comte-Robert, kusa da Paris, inda ya mutu a 1953.

A 1977, jirgin nutso Alvin ya sauka zurfin kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos. A gefen maɓuɓɓugan ruwan zafi, irin wuraren da ƙarfe da farar wuta ke daskarewa su zama ma'adinai, masana suka tarar da manyan tsutsotsi cikin duhu. Bakteriya mai cin wannan iskar ce ke ciyar da su.