Rutherford da Ƙwayar Zarra

An haifi Ernest Rutherford cikin shekarar 1871 a ƙasar Niyu Zilan, can kudu maso gabas da Ostareliya. Ubansa manomi ne, uwarsa malamar makaranta. Su goma sha biyu ne ɗakinsu, shi ne na huɗu. Cikin 1895, don hazaƙarsa, aka ba shi gurbin karatu a Ingila.

A zamanin nan masana sun san kowane abu, ko dutse, ko ruwa, ko iska, haɗuwar ƙwayoyi ne ƙanana ainun waɗanda ido ba ya gani, sunansu zarra. Amma suna tsammani kowace zarra cike ta ke kamar curin fura.

Cikin 1909, a birnin Mancesta, Rutherford ya sa mataimakansa biyu, Geiger da Marsden, su gwada. Suka sami zinariya wadda aka buge, har ɓawon albasa ya fi ta kauri nesa. Suka yi ta harbinta da waɗansu ƙwayoyi masu tsananin gudu, waɗanda a ke kira alfa. Kusan dukansu suka ratsa sumul. Amma ɗaya cikin dubbai sai ta komo baya.

Rutherford ya daɗe yana tunani. Sai 1911 ya gano dalili. Ashe nauyin zarra kusan duk yana tattare cikin wata 'yar cibiya a tsakiyarta, ita ce ke mai da ƙwayoyin baya. Sauran kuwa sarari ne. In da za a kumbura zarra ta kai girman filin ƙwallo, da cibiyar ba ta wuce ƙwayar dawa ba. Har Dutsen Habude na Birnin Kudu, duk da taurinsa, yawancinsa sarari ne.

To, mene ne cikin sararin nan? Ba iska ba ce, gama iska ma zarra ce. Waɗansu ƙwayoyi marasa nauyi ne ke yawo ciki, sunansu ilektaron, kuma ƙarfin lantarki ke riƙe su jikin cibiya. In yaro ya dafa dutse, ilektaron na tafinsa da na dutsen su ke ture juna, shi ya sa hannun ba ya nutsewa.

Rutherford ya rasu cikin 1937, aka binne tokarsa a Landan, kusa da kabarin Isaac Newton.