Paul Prudhomme

Paul Prudhomme (an haife shi ranar 13 ga Yuli, 1940, ya mutu ranar 8 ga Oktoba, 2015) kuku ne ɗan ƙasar Amurka daga jihar Louisiana. An fi saninsa da fito da girkin Cajun daga ƙauye zuwa gidajen abinci na birni.

Farkon rayuwa

An haife shi a gona kusa da garin Opelousas, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya 13. Iyayensa 'yan Cajun ne, wato zuriyar masu jin Faransanci da Birtaniya ta kora daga gabashin Kanada tun daga shekarar 1755. Ya koyi girki a wurin mahaifiyarsa. A shekarar 1957 ya buɗe ɗan shagon abinci a Opelousas, amma bai kai shekara ba ya durƙushe. Daga nan ya yi ta yawon aikin kuku a jihohi daban-daban.

Sana'a

A wancan lokaci manyan gidajen abinci na New Orleans girkin Creole suke yi, ana kallon na Cajun a matsayin abincin talakawan karkara. A 1975 Prudhomme ya zama babban kuku a Commander's Palace, inda ya fara shigar da ɗanɗanon gidansu cikin abincin masu hali.

A 1979 shi da Kay Hinrichs, wadda ta zama matarsa, suka buɗe K-Paul's Louisiana Kitchen a titin Chartres da ke unguwar French Quarter. Wurin ƙarami ne, ba a kama tebur tun kafin a zo, don haka mutane kan yi dogon layi a waje, a ciki kuma a zaunar da baƙi da ba su san juna ba a tebur ɗaya.

Abincin da ya ɗaga sunansa shi ne wani kifin teku mai suna redfish. Yakan tsoma shi cikin man shanu, ya barbaɗa masa kayan yaji, ya ɗora a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi har bayansa ya yi baƙi, cikinsa kuwa da taushi. Gidajen abinci a faɗin Amurka suka kwaikwaya, sau da yawa suna ƙona kifin kawai. Buƙatar ta yi yawa har kifin ya fara ƙaranci, hukumomi suka hana kama shi don kasuwanci a ruwan gwamnatin tarayya na mashigin tekun Meziko a ƙarshen shekarun 1980.

Ya kafa kamfanin kayan yaji na Magic Seasoning Blends, ya kuma wallafa littafin girkinsa na farko a 1984.

Ƙarshen rayuwa

Kay ta mutu a 1993. Bayan guguwar Katrina a 2005, ya dafa wa ma'aikatan agaji abinci kyauta. Ya mutu a New Orleans yana da shekara 75. An rufe K-Paul's a 2020, lokacin annobar korona.