Rudolf Diesel, Wanda Ya Ƙago Injin Dizal

Ko kun san dalilin da ya sa a ke kiran man manyan motoci dizal? Sunan mutum ne aka laƙaba masa, watau Rudolf Diesel, wani Bajamushe wanda ya ƙago irin injin nan da ke jan jiragen ƙasa, da manyan motocin kaya, da jiragen ruwa, har da injin niƙa.

An haife shi ran 18 ga watan Maris, 1858, a birnin Paris ta ƙasar Faransa. Iyayensa Jamusawa ne da suka je neman abinci can. Ubansa dukanci ya ke yi, ba shi da wata dukiya. A cikin 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, aka tilasta musu barin ƙasar, suka ƙetare zuwa London. Da talauci ya matsa musu, sai suka aika da yaron garin Augsburg a Jamus, wurin danginsu, yana ɗan shekara 12.

Rudolf yaro ne mai ƙwazo ƙwarai, ga shi gwanin lissafi. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa takarda, ya sanar da su injiniya ya ke so ya zama. Saboda ƙoƙarinsa aka ɗauki nauyin karatunsa a babbar makarantar fasaha ta birnin Munich. Ko da ya ke zazzaɓin taifot ya kwantar da shi har ya hana shi jarrabawa a kan lokaci, da ya warke ya zauna ya yi ta a 1880, ya ci da sakamako mafi kyau.

A makarantar nan ya ji wani abu daga bakin malaminsa, Carl von Linde, wanda ya tsaya masa a rai. A zamanin nan injin tururi ne sarkin injuna. Amma mai ɓarna ne. In an ƙone buhun kwal 10, ƙarfin buhu ɗaya kaɗai ke zama aiki, sauran zafin duk ya bi iska. Diesel ya ɗaura niyya sai ya ƙera injin da ba shi da irin wannan asara. Yana kuma fatan ƙananan masu sana'a su sami inji mai araha, kada manyan masana'antu su danne su.

Da ya gama karatu ya koma Paris, ya yi aiki a ma'aikatar ƙanƙara ta malaminsa. Abin mamaki, mai yin ƙanƙara da rana, da dare ba abin da ya ke tunani sai zafi. Ya taɓa gwada wani inji, ya fashe da shi, ya yi watanni a asibiti, har idanunsa suka sami rauni. Duk da haka bai fasa ba.

To, ga dabarar da ya gano. Ku ɗauki famfon keke, ku toshe bakinsa da yatsa, ku yi ta bugawa. Jim kaɗan za ku ji ya ɗau zafi, gama iska in an matse ta zafi ta ke yi. Diesel ya ga in aka matse iska ƙwarai a cikin tukunyar inji, wadda makanikai ke kira silinda, zafinta zai wuce digiri 500, watau ya ninka zafin tafasasshen ruwa sau 5 a kan ma'auni. In aka fesa mai a cikinta a daidai wannan lokaci, sai ya kama wuta da kansa, ba ashana, ba fulogi irin na motar fetur. Ƙarfin wutar nan shi ke tura fistin, ƙafafun inji su juya.

Amma wuyar aikin tana wajen ba da man. In an fesa shi iska ba ta gama zafi ba, ba zai kama da kyau ba. In ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da asara. In ya yi kaɗan, injin ba ƙarfi. Da fari Diesel ya so a riƙa zuba man kaɗan kaɗan, yadda zafin cikin silinda ba zai ƙaru ba ko kusa. A kan wannan shawara gwamnatin Jamus ta ba shi takardar mallakar dabararsa a 1893. Daga baya ya sake lissafi, ya ga injin ba zai yi aikin kirki haka ba. Bai yi taurin kai ba, sai ya sake tsari.

Wata masana'anta a Augsburg da kamfanin Krupp suka taimake shi da kuɗi da ma'aikata. A watan Agusta, 1893, aka gwada injin farko. Man ya kama da ƙarfi har wani ma'auni ya tarwatse, amma injin bai juya da kansa ba. A Fabrairu, 1894, ya yi tafiyar kamar minti ɗaya. Sai a 1897 aka sami yadda a ke so. Da masana suka auna, suka tarar kashi 26 cikin 100 na zafin man yana zama aiki, watau ya fi ninkin na injin tururi. Mahaƙurci mawadaci.

Sunansa ya bazu a duniya. A babban bikin nuna kayan fasaha na Paris a 1900, aka nuna wani injin dizal yana aiki da man gyaɗa. A 1912 kuwa jirgin ruwan Danmak mai suna Selandia ya fara ratsa teku da irin injinsa.

Sai dai Diesel bai iya tattalin kuɗi kamar yadda ya iya tattalin mai ba. Ya sami dukiya mai yawa, ya zuba ta a harkokin da ba su yi riba ba, bashi ya hau kansa, ga rashin lafiya. Ran 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, za shi Ingila. Ya ci abincin dare, ya shiga ɗakinsa. Gari ya waye ba a gan shi ba. Bayan kwana 10 wasu matuƙa suka tsinci gawa a teku, ɗansa ya shaida kayan da aka samu a jikinta na ubansa ne. Shekarunsa 55.

Waɗanda suka biyo bayansa suka ɗora daga inda ya tsaya. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfo mai auna man da za a fesa daidai wa daida. Aka kuma yi wani ɗan ƙarfe mai ɗumama silinda, domin da sanyin asuba ƙarfen inji kan shanye zafin iska, injin ya ƙi tashi. A motocin yanzu akwai 'yar kwamfuta mai auna zafin ruwan inji da na iska, ita ke ƙayyade yawan man da lokacin fesa shi. Duk wannan reshe ne, tushensa kuwa tambayar nan ce da ɗalibi ya yi wa kansa a Munich, ta yadda za a hana zafi tafiya a banza.