Konosuke Matsushita: Yaron Shagon Keke Da Ya Kafa National Da Panasonic

Duk wanda ya yi wayo tsakanin shekarun 1970 zuwa 1990 a ƙasar Maraɗi, ko ɗan Gidan Rumji ne ko na Agiye ko Gazawa, da wuya a ce bai taɓa zama gaban rediyo ko rakoda mai ɗauke da sunan National ko Panasonic ba. Da irinsu aka riƙa kama Muryar Sahel da Rediyon Kaduna a teburin mai shayi, da su kuma amare suka riƙa ƙawata ɗaki. Fatake kan saro su a Kano, su biyo da su ta Katsina da Jibiya, su shigo ta Ɗan Isa. Amma kaɗan ne daga cikin masu saye da masu sayarwar suka san cewa mai wannan kamfani ɗan kasuwa ne irinsu, wanda bai ko gama firamare ba.

An haifi Konosuke Matsushita ranar 27 ga Nuwamban 1894 a wani ƙauye da ke yankin Wakayama na ƙasar Japan, shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Gidansu masu rufin asiri ne, suna da gonaki, har zuwa 1899 lokacin da mahaifinsa ya zuba dukiyarsa a cinikin shinkafa yana jiran ta yi tsada, sai kasuwa ta juya masa baya. Gida da gona duk suka tafi. Manoman aya da 'yan sarin wake na wajenmu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan irin wannan karayar.

Yana da shekara 9 aka cire shi daga makaranta aka tura shi birnin Osaka, inda ya zama yaron shago wurin wani mai sayar da kaskon gawayi na jin ɗumi. Bayan 'yan watanni shagon ya rufe, aka miƙa shi ga wani mai sayar da kekuna mai suna Godai, ya yi fiye da shekara biyar yana shara da goge kekuna da gyara. A nan ne aka fara ganin idonsa na kasuwa. Masu kawo gyara kan aike shi sayen taba, sai ya lura cewa in ya sayi kwali 20 a haɗe ana yi masa gyaran ɗaya, don haka ya riƙa saye yana ajiyewa. Mai aike ya samu tabarsa nan take, shi kuma ribar kwali ɗaya ta shiga aljihunsa. Sauran yaran shago suka yi ta ƙorafi har maigida ya hana shi.

Ganin motocin dogo masu aiki da lantarki sun fara yawo a titunan Osaka ne ya sa ya gane inda duniya ta dosa. A 1910 ya kama aiki a kamfanin wutar lantarki na birnin, ya fara daga mai taya masu ja waya har ya kai sufeto yana ɗan shekara 22. A 1915 ya auri Mumeno Iue. A 1917 ya ajiye aikin saboda ya ƙera wani sabon soket, wato gurbin da ake murɗa ƙwan lantarki a ciki, shugabansa kuma ya raina abin. Jarinsa bai cika yen 100 ba.

Soket ɗin bai karɓu ba. Abokan aiki biyu da suka biyo shi suka gudu, ya rage daga shi sai matarsa sai ƙaninta Toshio, yaro ɗan shekara 15. Mumeno ta riƙa kai tufafinta jingina don a samu na cefane da na kayan aiki, kuma ita ce mai riƙe da littafin lissafi. Masu ba da tarihin kamfanin kan ambace ta a gurguje, alhali ba don ita ba da tuni an rufe shafin. Abin da ya cece su shi ne wata oda da ta faɗo a ƙarshen shekara, ta farantan gindin fanka guda 1,000. Da ribarta suka kama hayar wani gida mai bene, ranar 7 ga Maris na 1918 kamfanin Matsushita ya tsaya da mutum uku.

Abin da ya fi dacewa 'yan kasuwa su tsaya a kansa shi ne labarin fitilar keke ta 1923. A wancan zamani masu keke a Japan da kyandir ko fitilar kananzir suke tafiya da dare, iska na kashe musu. Akwai fitilu masu batir, wanda mu nan muka fi sani da pil, amma awa biyu zuwa uku suke yi su mutu, ga yawan lalacewa, har jama'a suka yanke ƙauna da su. Matsushita, wanda ya san ciwon mai keke tun yana yaro, ya shafe wata shida yana gwaji har ya fito da wata mai siffar harsashi da ke ci awa 30 zuwa 40 da batir ɗaya.

Ya zaga manyan 'yan sari na Osaka da Tokyo, kowa ya ƙi karɓa. Ba su ga laifin tasa ba, sunan fitilar batir ne ya riga ya ɓaci, kuma ba mai son ya ɗaure kuɗinsa a kayan kwantai. Ga fitilu na ta taruwa a sito, ga batir na lalacewa in ya daɗe a ajiye, ga masu bin sa kuɗin katako da ƙarfe. Sai ya tsallake 'yan sarin gaba ɗaya. Ya ɗauki mutum uku suka bi shagunan kekuna na Osaka ɗaya bayan ɗaya, kowane shago su ajiye fitilu kaɗan ba tare da karɓar ko sisi ba, su kunna ɗaya su bar ta tana ci. Sharaɗin kawai shi ne mai shago ya duba agogo ya ga awa nawa za ta yi, in ya gamsu ya sayar da sauran, sannan ya biya. Fitila ta kwana tana ci, ta wuni, ta sake kwana. Cikin 'yan watanni masu shaguna suka fara aiko da oda da kansu, 'yan sarin da suka kore shi kuma suka dawo suna neman a ba su.

Mai karatu zai ga cewa wannan shi ne abin da har gobe ya raba mai tebur ɗin da ake komawa wurinsa da wanda ake yi wa ciniki sau ɗaya. A kasuwar Cadawa ko Tibiri, kwalin fitilar sola ko na batirin cajin waya zai iya ɗaukar kowace irin lamba, tunda takarda ba ta musu. Wanda ya kunna ɗaya tun safe ya ajiye a gaban tebur, la'asar ta same ta tana haske, ya gama talla.

A 1927 ya fito da wata fitila mai kusurwa huɗu, wadda ake iya riƙewa a hannu ko a liƙa a keke, ita ce ta fara ɗaukar sunan National. Ya sake yin dabarar farko amma da girma: ya raba guda 10,000 kyauta ga masu shaguna, bayan ya shawo kan wani kamfanin batir ya ba shi batiran kyauta bisa alkawarin zai sayar masa da 200,000 kafin shekara ta ƙare. Abin da ya sayar ya haura ninki biyu na alkawarin.

Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, ciniki ya ragu da rabi, shi kuma yana kwance ba lafiya. Manyan yaransa suka zo da shawarar a sallami rabin ma'aikata. Ya ƙi. Ya ce a rage aikin masana'anta zuwa rabin wuni, a ci gaba da biyan cikakken albashi, amma kowa ya bar hutu ya ɗauki kaya ya shiga gari talla. Kafin ƙarshen Fabrairun 1930 sito ya zama wayam.

Rediyonsa na farko a 1930 kuwa kunya ya ba shi. Ya yi ta lalacewa, masu shaguna da ba su iya gyara ba suka riƙa dawo da shi tuli-tuli. Ya karɓi kayansa, ya sa injiniyansa Tetsujiro Nakao ya ƙera wanda zai yi aiki da an fito da shi daga kwali, ba sai da mai gyara a kusa ba. Sabon ya zo na ɗaya a gasar da gidan rediyon Tokyo ya shirya a 1931. A shekarar da ta biyo ya tara ma'aikatansa ya bayyana musu cewa aikin mai masana'anta shi ne ya yawaita kaya har su yi araha kamar ruwan famfo, wanda matafiyi kan sha a bakin hanya ba a kira shi ɓarawo ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya yi wa sojan Japan jiragen ruwa da na sama na katako, don haka da Amurka ta mamaye ƙasar a 1945 aka ƙulle dukiyarsa, aka nemi raba shi da kujerarsa. Ƙungiyar ma'aikatansa ce ta tattara sa hannun dubban mutane tana roƙon a bar shi. A wannan tsakanin ne surukinsa Toshio ya fita ya kafa Sanyo a 1947.

Ba a ce ba shi da tabo ba. Abokan hamayya sun yi masa laƙabi da mai kwaikwayo, wai yakan jira wasu su ƙirƙiro abu sannan ya yi irinsa ya cika kasuwa. Yana kuma da taurin kai kan farashi: da kantunan Daiei suka fara karya farashin kayansa a 1964, ya hana a ba su kaya, rigimar da ta ɗauki shekara 30. A 1970 ƙungiyoyin matan aure na Japan suka gano cewa kuɗin da ake rubutawa a jikin talabijin mai kala ya yi nisa da ainihin yadda ake sayar da shi, suka ƙaurace wa saye, suka fi matsa wa kayan National. Sai da aka sauke farashi a 1971 suka janye.

Amma a gaban dilolinsa ya san sunkuyar da kai. A Yulin 1964, shekara uku bayan ya sauka daga shugabancin yau da kullum, ya tara shugabannin kamfanonin dillancinsa 170 a garin Atami. Da ya bincika, sai ya tarar kimanin 20 ne kawai ke cin riba, sauran bashi ya yi musu katutu saboda ana tura musu kaya fiye da abin da kasuwa ke ɗauka. Kwana biyu ana musayar zafafan maganganu, yana ɗora musu laifi suna ɗora masa. A rana ta uku ya tuna musu yadda suka karɓi ƙwan lantarkinsa shekaru 30 baya lokacin ba a san shi ba, ya amsa cewa laifin na kamfani ne, yana hawaye. Wata guda bayan haka, yana dab da shekara 70, ya koma ofis a matsayin mai riƙon sashen ciniki, ya raba wa kowane dila yankinsa, ya rage cinikin bashi.

Ya mutu ranar 27 ga Afrilun 1989 yana da shekara 94. A watan Oktoban 2008 kamfanin ya sauke sunan Matsushita ya koma Panasonic, ya kuma yi ritaya da tambarin National, daga baya ya saye Sanyo ya haɗe. Saboda haka sabon rediyo ko fanka dal a kwali da za a kawo wa ɗan kasuwa yau da sunan National, ba daga wancan gida na Osaka ya fito ba.