Bitrus Masunci da Kuɗin Haikali

Kowane magidanci ya san nauyin ranar da mai karɓar kuɗi ya yi sallama a ƙofar gida, rumbu kuwa ya yi ƙasa. Manzo Bitrus ma ya san wannan rana. Ga tarihinsa a taƙaice. Ka karanta wa iyalinka da dare, domin akwai abin da zai taimake ku a cikinsa.

Asalinsa

Sunansa na yanka Saminu. Mutumin Betsaida ne, wani gari a bakin Tekun Galili a ƙasar Isra'ila. Ana ce da shi teku, amma babban tafki ne na ruwan daɗi. Tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa wajen 13, wato kamar daga Maraɗi zuwa Tsibiri. Shi da ɗan'uwansa Andarawas su ne sana'arsu, kamar masuntan da muke gani a tafkin Madarumfa. Suna aiki tare da Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi. A shekarar 1986, da ruwan tafkin ya janye saboda fari, aka tono wani jirgin masunta na wancan zamani daga cikin laka. Tsawonsa ya ɗan fi mita 8. A cikin irinsa Saminu yakan kwana yana jefa taru.

Saminu magidanci ne. Ya yi aure, ya zauna a Kafarnahum, surukarsa ma tana gidan. Shugabannin Yahudawa sun ɗauke shi talaka marar ilimi. Mutum ne mai saurin baki, mai zafin zuciya, mai ƙauna ƙwarai.

Kiransa

Andarawas ne ya fara kai shi wurin Yesu. Yesu ya dube shi, ya sa masa suna Kefas, wato Bitrus, ma'anarsa dutse. Bayan wannan Yesu ya same su a bakin ruwa, ya kira su su bi shi, ya yi musu alkawari zai mai da su masuntan mutane. Suka bar tarunansu suka bi shi.

Bitrus ya ga abubuwa da yawa da idonsa. Ya ga an warkar da surukarsa daga zazzaɓi. Ya taka ruwa, da tsoro ya kama shi ya fara nutsewa, Ubangiji ya kama hannunsa. A Kaisariya Filibi shi ne ya shaida cewa Yesu shi ne Almasihu, Ɗan Allah Rayayye. Bayan kwana shida ya hau dutse tare da Yakubu da Yahaya, ya ga ɗaukakar Ubangiji. Daga nan suka komo gida Kafarnahum. A nan ne abin da muke so mu duba ya faru.

Ranar da masu karɓa suka zo

Tun zamanin Musa, Allah ya umarta kowane namiji na Isra'ila mai shekara 20 ko fiye ya ba da rabin shekel na azurfa, kuɗin fansar ransa, domin hidimar alfarwa ta sujada. Mai arziki ba zai ƙara ba, matalauci ba zai rage ba (Fitowa 30). A zamanin Yesu ana tara wannan kuɗi kowace shekara domin Haikali a Urushalima, har daga Yahudawan da ke zaune a waɗansu ƙasashe. Da shi ake sayen dabbobin hadaya ta kowace rana. Yawansa ya kai ladan ƙwadago na kwana biyu. Kuɗin ɗakin Allah ne, ba harajin Kaisar ba.

Masu karɓa suka tari Bitrus, suka tambaye shi ko malaminsu yana biya. Nan da nan, yadda ya saba, ya ce yana biya. Da ya shiga gida, tun bai buɗe baki ba, Yesu ya riga shi magana. Ya tambaye shi ko daga wurin wa sarakunan duniya suke karɓar haraji, daga 'ya'yansu ko daga waɗansu. Bitrus ya amsa cewa daga waɗansu ne. Sai Yesu ya nuna masa cewa ashe 'ya'yan sarki ba su da tilas. Amma domin kada su zama abin tuntuɓe ga mutanen nan, ya aike shi teku ya jefa ƙugiya. Kifin da ya fara kamawa, zai sami kuɗi a bakinsa, ya biya musu su biyu (Matiyu 17:24-27).

Kuɗin nan shekel ɗaya ne, rabi na Yesu, rabi na Bitrus. Ya isa daidai, babu saura. Matiyu kaɗai ya rubuta wannan labari, shi da ya taɓa zama mai karɓar haraji a garin nan na Kafarnahum. A dukan Sabon Alkawari kuma, nan kaɗai aka ambaci su da ƙugiya.

Abin da malaman dā suka gani

Malaman Ikkilisiya sun daɗe suna tunani a kan wannan al'ajibi. Hilari, wani shugaban ikkilisiya a ƙasar da ake kira Faransa yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4, ya gane cewa kuɗin fansa ne na Dokar Musa. To, dubi abin mamaki. An nemi kuɗin fansa a hannun Mai Fansa kansa.

Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta sharhin Matiyu a Baitalami a shekarar 398. Shi ya ɗauka harajin Kaisar ne. Akwai dalili. A shekara ta 70 Romawa suka rushe Haikali, sarkin Roma kuma ya mai da kuɗin nan haraji da Yahudawa za su riƙa biya wa Roma. Saboda haka Kirista da yawa suka riƙa karanta labarin a kan biyayya ga hukuma. Jerom ya kuma lura da talaucin Ubangijinmu, da ba shi da ko rabin shekel na kansa. Ya ce akwai jakar kuɗi a hannun Yahuza, amma Yesu bai yarda a taɓa rabon matalauta domin bukatar kansa ba.

Yahaya Kirisostom, babban mai wa'azi na Antakiya wanda ya rasu a shekarar 407, ya ce Yesu ya biya ta hanyar da ta nuna ko shi wane ne. Wanda ya umarci kifi ya kawo kuɗi, shi ne mai teku, shi ne Ɗan Sarki. Ya kuma ga girman da aka yi wa Bitrus, da Ubangiji ya haɗa kansa da shi a kuɗi ɗaya.

A ƙarni na 19 waɗansu masana a Jamus, da ba su yarda da al'ajibi ba, suka ce kifin kawai Bitrus ya sayar ya biya. Mu dai mun gaskata maganar yadda take a rubuce. Wanda ya san tambayar da aka yi wa Bitrus a waje tun ba a faɗa masa ba, ya san abin da ke cikin ruwa.

Malaman nan na dā sun bambanta a kan irin kuɗin, amma bakinsu ɗaya a kan babban abu. Yesu ba shi da tilas, ya biya da yardar ransa saboda waɗansu. Wannan darasi ya bi Bitrus har ƙarshen ransa.

Faɗuwa da tashi

Bitrus bai zama dutse a rana ɗaya ba. A daren da aka kama Yesu, ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Kafin zakara ya yi cara, ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku, ya fita waje ya yi kuka mai zafi. Kashegari aka gicciye Yesu. A nan ne aka biya ainihin kuɗin fansa, wanda rabin shekel yake nuni gare shi tun zamanin Musa.

Da Yesu ya tashi daga matattu, ya sami Bitrus a bakin tekun nan. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sau uku kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. A ranar Fentikos Bitrus ya miƙe ya yi wa'azi a Urushalima, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Bitrus da kuɗi

Duba yadda ya riƙe al'amarin kuɗi bayan wannan. A ƙofar Haikali wani gurgu ya roƙe shi sadaka. Bitrus ba shi da azurfa ko zinariya, amma ya tashe shi cikin sunan Yesu. Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da gona, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka yi kamar sun kawo duka. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma yana hannunsa, ba wanda ya tilasta masa. Laifinsu ƙarya ce ga Ruhu Mai Tsarki. A Samariya wani mai sihiri ya miƙa kuɗi domin ya sayi ikon Allah. Bitrus ya tsauta masa ƙwarai, gama ba a sayen baiwar Allah.

Ya kuma san inda biyayya ga mutane ta tsaya. Da majalisar Yahudawa ta hana su wa'azi, ya faɗa musu a fili cewa biyayya ga Allah ita ce gaba. Aka yi musu bulala. Daga baya sarki Hirudus Agaribas, wanda ya mutu a shekara ta 44, ya kashe Yakubu, ya sa Bitrus a kurkuku, mala'ikan Ubangiji ya fito da shi da dare.

Bitrus ne ya shiga gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma, ya buɗe wa al'ummai ƙofar bishara. Amma a Antakiya ya sāke yin tuntuɓe. Ya daina cin abinci tare da 'yan'uwa na al'ummai don tsoron waɗansu Yahudawa, Bulus kuwa ya tsauta masa a gaban jama'a. A nan akwai bambanci da ya kamata mu riƙe. A Kafarnahum an biya kuɗi saboda ƙauna, domin kada a toshe wa mutane hanya. A Antakiya an janye saboda tsoro, aka toshe wa 'yan'uwa hanya.

Ƙarshen kwanakinsa

Da ya tsufa ya rubuta wa masu bi da ke warwatse cikin wahala. Ya tuna musu cewa da jinin Almasihu aka fanshe su, azurfa da zinariya ba su isa ba. Ya ce su yi zaman 'yantattu, amma kada 'yancin ya zama mayafin mugunta. Su bi hukuma saboda Ubangiji, su girmama kowa, su rufe bakin masu zargi da aikin kirki. Wannan shi ne darasin Kafarnahum, ya fito daga bakin tsoho.

A shekara ta 64 gobara ta cinye yawancin birnin Roma, sarki Nero ya ɗora wa Kirista laifi. Marubutan Ikkilisiya na farko sun shaida cewa a cikin tsanantawar Nero aka kashe Bitrus a Roma. An kuma ce da kansa ya roƙa a gicciye shi kai ƙasa, don bai ga ya isa ya mutu kamar Ubangijinsa ba.

Mu fa?

Dattawanmu na Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa suna tuna lanho na zamanin Faransa, yadda ake sayar da gyaɗa a biya kuɗin kai. Tun ƙarshen shekarun 1920 da mishan ta SIM ta zauna a Tsibiri, masu bi a ƙasar nan 'yan kaɗan ne a tsakiyar dangi da maƙwabta da ba su bi ba. Idon gari yana kanmu.

Idan mai gari ya yanka kuɗin gyaran rijiya, ko na makaranta, ko hukuma ta nemi harajinta, kada a ce Kirista ne ya ɓuya a bayan rumbu. Ka zama na fari. Mai yiwuwa kana da hujjar ƙi. Yesu ya fi ka hujja, ya kuwa biya. Amma idan kuɗin na yankan tsafi ne ko na bori, ka ƙi da ladabi, ka faɗi dalilinka ba tare da zagi ba. Wanda aka san shi da saurin ba da kuɗin rijiya, za a saurare shi ranar da ya ƙi kuɗin tsafi.

Haka kuma baiko da zakka a ikkilisiya. Da kaka, sa'ad da kake ware damin hatsi domin aikin Ubangiji da abincin fasto, ka tuna kai ɗa ne a gidan Ubanka. Damin nan ba ya sayen gafara, an riga an biya wannan a kan gicciye. Mu dattawan ikkilisiya kuma, kada mu mai da baiko lanho, muna kunyata gwauruwa da matalauci a gaban jama'a.

Kana cewa ba ka da abin bayarwa? Ubangiji bai sauko wa Bitrus da kuɗi daga sama ba. Ya aike shi ga sana'arsa, da ƙugiyarsa a hannu, ya kuwa sami abin da ya isa. Ɗauki haukarka, ka yi addu'a, ka tafi gona.

Tambaya ta ƙarshe ita ce babba. Bawa yana biya don tsoro, ɗa yana bayarwa don ƙauna. Kai wane ne a cikinsu? In ba ka zama ɗan Allah ba tukuna, ka tuba ka gaskata da Yesu Almasihu yau. Wanda ya biya wa Bitrus ya riga ya biya maka.