Sarkin Musulmi Attahiru Ɗan Ahmadu, Shahidin Burmi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, shi kuwa ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An naɗa shi a watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ya hau gado a lokacin da Turawan Ingila suka riga suka ci Bida da Kwantagora da Yola. Bai yi wata huɗu ba sai labari ya zo cewa Kano ma ta faɗi.

Rundunar Kanar Morland ta taso daga Kano, ta haɗu da wadda ta fito daga Argungu a Shagari, suka doshi Sakkwato ta kudu. Ran 15 ga Maris 1903 aka gwabza a filin Giginya. Takobi da kibiya ba su iya da bindiga mai ruwa ba. Jama'a ta watse, amma waɗansu mazaje suka ƙi barin tuta, nan suka kwanta dama a gindinta.

A nan ne babbar mas'ala ta taso wa malamai: Musulmin da aka rinjaya, zama zai yi ko ƙaura? Waziri Buhari ya shawarci malamai, suka ga halaccin a zauna a yi sulhu a zahiri don a tsare addinin talakawa, tun da Turawa sun ce ba za su hana salla ba. Attahiru kuwa ya riƙi abin da kakansa Shehu ya bayyana a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra, watau wajabcin fita daga ƙasar da hukuncin Musulunci ba shi ne a sama ba. Yadda Shehu ya bar Ɗegel zuwa Gudu a 1804, haka shi ma ya bar gidan sarauta ya nufi gabas, da niyyar isa Makka.

Turawa suka naɗa Attahiru na Biyu ɗan Aliyu Babba, suna zaton magana ta ƙare. Ashe ba haka ba ne. Duk inda ya ratsa, daga Zamfara har ƙasar Kano da Misau, manoma suna barin gonakinsu suna bin sa, maza da mata, yara da tsofaffi. Wannan ne ya tsorata Turawa, suka aika da sojoji a bayansa.

Ya sauka a Burmi, kusa da kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yanzu. Can ma ba a ƙyale shi ba. Ran 27 ga Yuli 1903, a shekara ta 1321 ta Hijira, aka yini ana yaƙi. Shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, ya mutu a wurin. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da mutane fiye da 600, aka sami gawarsa a tsakiyar gawawwakin waɗanda suka tsaya kare shi.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijirar da sauran jama'a har ƙasar Sudan. Garin da suka kafa a bakin kogin Nilu ana kiransa Mai Wurno, kuma zuriyarsu na can suna magana da Hausa da Fillanci.

Waɗanda suka zauna sun yi ijtihadi, ta hannunsu makarantu da kotunan alƙalai suka tsira. Shi kuma ya bar mulki da dukiya, ya ba da ransa a kan abin da ya gani shi ne gaskiya. Allah ya gafarta musu duka, ya jiƙan shahidan Giginya da na Burmi, amin.