Willem Einthoven

Willem Einthoven (21 ga Mayu, 1860 – 29 ga Satumba, 1927) likita ne ɗan ƙasar Holan kuma masanin yadda sassan jiki ke aiki. Shi ne ya ƙera na'ura ta farko mai inganci da ke zana bugun zuciya, wadda ake kira ECG.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Semarang da ke tsibirin Java, a ƙasar Indonesiya ta yau, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Holan. Mahaifinsa likita ne, ya rasu Willem yana ɗan shekara shida. A 1870 mahaifiyarsa ta koma Holan da 'ya'yanta, suka zauna a Utrecht. A jami'ar garin ya karanta likitanci, ya kammala a 1885, sannan ya zama farfesa a Jami'ar Leiden.

Aikinsa

Duk lokacin da zuciya ta buga, tana fitar da wutar lantarki 'yar kaɗan. A 1887 Augustus Waller ya zana wannan wuta a Landan da na'ura mai amfani da zaiba. Sai dai zaibar ba ta motsi da sauri, don haka zanen yakan fito a karkace, likita ba zai iya bambance ciwon zuciya da kuskuren na'ura ba.

Da farko Einthoven ya gyara zanen ta hanyar lissafi, kuma a 1895 ya sanya wa gaɓoɓinsa haruffan P, Q, R, S da T. A 1901 ya bayyana sabuwar na'urarsa, mai ɗauke da siririn zare da aka shafa wa azurfa, a tsakanin maganaɗisu masu ƙarfi. Idan wutar zuciya ta ratsa zaren sai ya motsa, a ɗauki hoton motsin. Nauyin na'urar ya kai kusan kilo 270, kuma mutum biyar ke sarrafa ta. Majiyyaci yakan tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri.

Da yake ba a iya ɗaukar ta zuwa asibiti, a 1905 ya haɗa asibitin Leiden da ɗakin bincikensa ta wayar tarho, tazarar kusan kilomita ɗaya da rabi. A 1906 ya wallafa zane-zanen bugun zuciya marasa daidaito da ya samu ta wannan hanya.

Lambar yabo da rasuwa

An ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1924. Ya rasu a Leiden yana da shekara 67.

Tasiri

Na'urorin sa ido kan zuciya a asibitoci suna aiki ne bisa tushen da ya kafa. Matsalar da ya yi fama da ita ma tana nan: motsin majiyyaci ko ɓallewar waya daga fata kan sa na'ura ta yi ƙarar gargaɗi alhali zuciya lafiya lau take. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke duba majiyyaci, su kuma karanta gaɓoɓin zanen da haruffan da ya sanya, kafin su yanke hukunci.